Rushewar gadar sama ta De la Concorde

Rushewar gadar sama ta De la Concorde hatsari ne da ya auku a birnin Laval na lardin Kebek, a ƙasar Kanada, ranar Asabar 30 ga Satumba, 2006. Da misalin ƙarfe 12:30 na rana wani ɓangare na gadar kankare da ke ɗauke da titin De la Concorde ya rufta a kan babbar hanya mai lamba 19 da ke bi ta ƙarƙashinta. Mutum biyar suka rasu, shida kuma suka ji rauni. An gina gadar a shekarar 1970 da tsammanin za ta yi shekara 70 tana aiki, amma shekara 36 kawai ta yi.

Kwamitin binciken da gwamnatin lardin ta kafa ya gano cewa ba kuskure ɗaya ne ya kayar da gadar ba. Akwai rauni a zanenta, an ɗaura rodi ba daidai ba lokacin gini, an zuba kankaren da ba ya jure sanyi da gishiri, sannan an yi shekaru ana duba ta ba tare da an gane haɗarin da ke ɓoye a cikinta ba. Hatsarin ya sa aka sake duba gadojin lardin, aka ƙara kuɗin gyara, kuma ya zama darasin da ake koyar da ɗaliban injiniyanci.

Wuri da tarihi

Laval birni ne da ke kan tsibirin Jésus, a arewa da Montreal, kogin Prairies ne ya raba su. Shi ne birni na uku mafi yawan jama'a a lardin Kebek, kuma da yawa daga cikin mazaunansa a Montreal suke aiki. Babbar hanya mai lamba 19 na cikin hanyoyin da suke bi kullum. Tana tsallaka kogin ta kan gadar Papineau-Leblanc, wadda aka buɗe a 1969, ta ratsa Laval daga kudu zuwa arewa. Titin De la Concorde kuwa daga yamma zuwa gabas yake tafiya, shi ya sa aka yi masa gadar sama domin ya haye babbar hanyar.

An gina gadar ne a lokacin da Kebek ke shimfiɗa manyan hanyoyi da sauri. Daga farkon shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1970 lardin ya gina mafi yawan manyan hanyoyinsa da gadojinsu, wasu ma an hanzarta kammala su saboda baje kolin duniya na Expo 67 da aka yi a Montreal a 1967. Wannan ya sa gadoji masu yawa suka tsufa a lokaci ɗaya, buƙatar gyaransu ma ta taso a lokaci ɗaya.

Kamfanin injiniyoyi na Desjardins Sauriol ne ya zana gadar, shi ne kuma aka ɗora wa sa ido a kan aikin. Babban ɗan kwangilar shi ne kamfanin Inter State Paving, wanda ya ba kamfanin Acier d'armature de Montréal aikin rodi. Mai gadar, wadda kuma kulawa da ita ke wuyanta, ita ce Ma'aikatar Sufuri ta Kebek.

Tsarin gadar

Gadar tana da layi shida, uku ga masu zuwa gabas, uku ga masu zuwa yamma. Masu zanen ba su sa ginshiƙi a tsakiyar babbar hanyar ba. Abin da suka yi shi ne, a kowane gefe sun gina gindin gada na kankare, daga jikinsa kuma suka fito da wani hannu mai kauri wanda ya miƙo kimanin mita 4 a saman hanya, babu abin da ya tokare shi daga ƙasa, kamar yadda barandar bene ke fitowa daga jikin gini. A ƙarshen kowane hannu akwai mazauni mai kama da matakala. A kan waɗannan mazaunai biyu aka ɗora dogayen bim na kankare waɗanda suka zama tsakiyar gadar. Nauyin tsakiyar gadar gaba ɗaya, da na motocin da ke kanta, yana sauka ne a kan bakin hannayen nan biyu.

Wannan tsari yana da farin jini a wancan zamani saboda yana da sauƙin lissafi kuma yana barin hanyar ƙasa a buɗe. Amma yana da illoli uku da aka fahimta daga baya. Na farko, mahaɗar da ake bari tsakanin sassan gada domin su miƙe da zafi su tsuke da sanyi ta faɗo daidai saman mazaunin, don haka duk ruwan da ya yoyo ta mahaɗar a kan mazaunin yake taruwa, tare da gishiri da datti. Na biyu, wurin a matse yake kuma a saman hanya mai cunkoso, mai dubawa ba ya iya ganin cikinsa sai an ɗaga tsakiyar gadar. Na uku, babu wata hanya ta biyu da nauyi zai bi idan hannun ya gaza. Da zarar ya karye, abin da ke kansa faɗuwa zai yi.

Yadda kankare ke lalacewa a ƙasashe masu sanyi

Kankare haɗi ne na siminti, yashi, tsakuwa da ruwa. Yana da ƙarfi sosai idan ana danna shi, amma yana saurin tsagewa idan ana jan sa, shi ya sa ake saka rodi a cikinsa domin rodin ya ɗauki ja. Duk da taurinsa, kankare yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, kuma ruwa yana shiga cikinsu.

A Kebek sanyin hunturu yana sauka ƙasa da ma'aunin daskarewar ruwa na tsawon watanni. Idan ruwa ya daskare, girmansa yana ƙaruwa da kimanin kashi 9 cikin 100. Ruwan da ke cikin ramukan kankare yakan daskare ya tura bangon ramin, ya narke, ya sake daskarewa, sau da yawa a hunturu ɗaya. A hankali kankaren yana farfashewa daga ciki har ya zama ana iya ɓarɓashe shi. Maganin da aka sani shi ne a rage ruwa wajen kwaɓi, a kuma zuba sinadarin da ke haifar da ƙananan kumfar iska a cikin kankaren, domin ruwan da ke daskarewa ya sami inda zai faɗaɗa.

Abu na biyu shi ne gishiri. Hukumomin hanya suna watsa gishiri a kan tituna domin narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin yana ƙara tsananta ɓarnar daskarewa, kuma idan ya isa ga rodi yana lalata kariyar da siminti ke ba ƙarfe, sai rodin ya fara tsatsa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma, don haka takan tura kankaren da ke lulluɓe da rodin har ya ɓantare ya faɗo. Irin wannan ɓantarewa ce aka fi gani a ƙarƙashin tsofaffin gadojin sama. A gadar De la Concorde kuwa, binciken ya nuna cewa lalacewar kankaren kansa ce ta kai ga rushewar, ba tsatsar rodi ba.

Ranar hatsarin

Kimanin awa ɗaya kafin rushewar, wasu direbobi sun kira hukuma suka ba da labarin cewa gutsuren kankare yana faɗowa daga gadar. Ma'aikatar Sufuri ta tura ma'aikacin sintiri. Ya kwashe abin da ya faɗo, ya duba wurin da ido, ya nemi a turo wanda zai bincika gadar, amma ba a rufe hanyar ba. Ma'aikacin ba injiniya ba ne, kuma faɗowar gutsuren kankare daga tsofaffin gadoji abu ne da masu sintiri suka saba gani.

Da misalin ƙarfe 12:30 hannun da ke kusurwar kudu maso gabas ya karye. Rabin kudu na tsakiyar gadar, wato layukan masu zuwa gabas, ya rufta cikin daƙiƙu kaɗan. Ya danne motoci biyu da ke wucewa ta ƙasa, kuma dukkan mutum biyar da suka rasu a cikin waɗannan motoci suke. Motoci uku da babur ɗaya da ke saman gadar sun faɗa tare da ita, mutum shida da ke cikinsu suka ji rauni. Masu aikin ceto sun kwana suna yanka kankaren suna ɗagawa da manyan injinan ɗaga kaya, sai da asubahin Lahadi aka kai ga motocin da aka danne. Daga cikin waɗanda suka rasu akwai mata da miji da suka bar ɗa ƙarami.

Da yake ranar Asabar ce, motoci ba su kai yawan na ranakun aiki ba.

Matakan gaggawa

Nan take aka rufe babbar hanya mai lamba 19 a wannan yanki, kuma ta yi kusan makonni huɗu a rufe. An kuma rufe gadar sama ta De Blois, wadda ke kusa, a kan hanyar ɗaya, domin tsarinsu ɗaya kuma zamaninsu ɗaya. Bayan masu bincike sun ɗebi samfurin da suke buƙata, an rushe ragowar gadar De la Concorde tare da ta De Blois. An buɗe sabuwar gadar De la Concorde a watan Yuni na 2007.

Rufe hanyar ya jefa dubban masu zuwa aiki Montreal cikin wahala, domin a lokacin jirgin ƙarƙashin ƙasa bai kai Laval ba, sai a watan Afrilu na 2007 ya isa. Hukumomi sun ƙara bas-bas da jiragen ƙasa, aka kuma buɗe tashar jirgin ƙasa a unguwar Vimont a watan Oktoba na 2006 domin rage cunkoso.

Kwamitin bincike

Kwanaki kaɗan bayan hatsarin, gwamnatin Jean Charest, firimiyan Kebek na lokacin, ta kafa kwamitin bincike. Shugabansa shi ne Pierre Marc Johnson, lauya kuma likita, wanda ya taɓa riƙe muƙamin firimiyan lardin a 1985, shi ya sa aka fi sanin kwamitin da sunan Kwamitin Johnson. Sauran mambobin biyu injiniyoyi ne: Armand Couture, tsohon babban jami'i a kamfanin wutar lantarki na Hydro-Québec, da Roger Nicolet, wanda ya jagoranci binciken ambaliyar Saguenay ta 1996 da na guguwar ƙanƙara ta 1998.

An ɗora wa kwamitin gano yadda abin ya faru da dalilansa, da kuma ba da shawarar yadda za a hana sake aukuwarsa. Ya saurari shaidu a bainar jama'a a 2007, cikinsu har da injiniyoyin da suka yi aikin ginin da ma'aikatan ma'aikatar. Masana sun yanka sassan gadar suka auna inda kowane rodi yake, suka gwada ingancin kankaren a ɗakin gwaji. A Jami'ar McGill an sake gina kwatankwacin hannun gadar aka ɗora masa nauyi har ya karye, domin a ga ta inda tsagewa ke bi. Wata matsalar da kwamitin ya fuskanta ita ce giɓin da ke cikin takardun gadar, domin ba a adana bayanan gininta da na gyare-gyarenta yadda ya kamata ba. An fitar da rahoton ga jama'a a ranar 18 ga Oktoba, 2007.

Dalilan rushewar

Rahoton ya bayyana cewa hannun gadar ya karye ne irin karyewar da injiniyoyi ke dangantawa da ƙarfin yanka, wato inda nauyi ke neman zame wani sashe na kankare daga jikin ɗan'uwansa. Bim ɗin da nauyi ya lanƙwasa yakan ba da alama, ya sunkuya, tsagewarsa ta buɗe a fili kafin ya faɗi. Karyewar yanka kuwa, a kankaren da ba shi da rodin tare ta, farat ɗaya take zuwa. Tsagewar da ta kayar da gadar ta fara ne kusa da mazaunin, a ƙarƙashin rodin sama, ta yi shekaru tana ratsawa cikin kaurin hannun, ruwan gishiri yana bin ta yana ƙara cin kankaren.

Masanan da suka ba da shaida sun amince a kan manyan dalilai uku.

Na farko shi ne tsarin rodi a zane. Zanen ya tara rodi masu yawa a layi ɗaya a saman hannun, kuma bai ɗaure rodin da ke riƙe mazaunin da rodin sama yadda za su kama juna sosai ba. Wannan ya bar wani shimfiɗaɗɗen wuri mai rauni wanda tsagewa za ta iya bi.

Na biyu shi ne yadda aka ɗaura rodin a wurin aiki. Rodin da ya kamata su rataye nauyin mazaunin su kai shi saman hannun an ɗaura su ƙasa da inda zane ya nuna. Sai ya zama tsakaninsu da rodin sama akwai kankare tsura, babu ƙarfen da ya ratsa shi. Raunin da ke cikin zane ya ƙaru ƙwarai da wannan kuskure, kuma da aka zuba kankare ya rufe shi, babu mai iya ganinsa daga waje.

Na uku shi ne ingancin kankaren. Ƙa'idojin da aka rubuta a takardun kwangila game da irin kankaren da za a zuba suna da ruɗani. Wanda aka zuba a gindin gadar da hannayenta bai dace da wurin da ke shan daskarewa da narkewa cikin ruwan gishiri ba.

Kwamitin ya ƙara da wasu dalilai uku da suka taimaka, ko da yake masana ba su haɗu a kan nauyin kowanne ba. Hannun gadar ba shi da zobban rodi, wato rodin da ake lanƙwasawa su zagaye na tsaye domin su ɗinke tsagewar yanka. Saman hannun ba shi da shimfiɗar hana ruwa shiga a ƙarƙashin kwalta. Sannan gyaran da aka yi a 1992 ya ƙara raunana wurin.

Game da zobban rodi, kwamitin ya lura cewa ƙa'idar ginin gadoji ta Kanada ta 1966, wadda ke aiki a lokacin zanen, ba ta wajabta su a irin wannan kankare mai kauri ba, don haka zanen bai saɓa wa muhimman sharuɗɗan ƙa'idar ba. A wancan lokaci ana ɗauka cewa kauri kaɗai ya isa. Bincike na baya ya nuna cewa idan babu zobba, gwargwadon ƙaruwar kaurin kankare, gwargwadon raguwar ƙarfin yankan da kowane sashe nasa ke iya ɗauka.

Kulawa da dubawa

Rahoton ya nuna lokuta biyu da aka sami damar gano matsalar amma aka rasa ta. Na farko a 1992 ne, lokacin da ma'aikatar ta sauya mahaɗun gadar. Ma'aikata sun fasa kankare fiye da yadda aka tsara domin lalacewar ta wuce yadda aka zata, har rodi ya bayyana. A nan ana iya ganin cewa rodin ba ya inda ya kamata, kuma kankaren ya ruɓe. Duk da haka ba a yi lissafin ƙarfin gadar ba, aka mayar da kankare aka rufe. Shimfiɗar hana ruwa da aka tsara sakawa a wannan gyara ma ba a saka ta ba.

Na biyu a 2004 ne, lokacin da wani injiniyan ofishin yanki ya nuna damuwa a kan halin da mazaunan ke ciki, ya nemi taimakon sashen gadoji na ma'aikatar. An zo an duba, amma ba a yi cikakken binciken da zai haɗa da huda kankare a ɗebi samfuri da sake lissafin nauyi ba. Dubawar yau da kullum da ido ake yin ta, kuma makin da ake ba gadar bai nuna tana cikin haɗari ba.

Kwamitin ya zargi kamfanin da ya yi zane da rashin sa ido sosai a kan aikin rodi, ya zargi ɗan kwangila da kamfanin rodi da rashin tabbatar da ingancin aikinsu. Ya kuma zargi ma'aikatar da barin ruɗani a kan wanda ke da alhakin kowane aiki, da sakaci wajen adana takardu, da rashin tsara wa wannan gada dubawa ta musamman duk da an san tsarinta na daban ne. Sai dai ya ce ba za a iya ɗora alhakin rushewar a kan mutum ɗaya ko hukuma ɗaya ba, domin jerin kurakurai ne da suka taru tsawon rayuwar gadar.

Shawarwari da matakan gwamnati

Tun kafin ya kammala aikinsa, kwamitin ya sanar da ma'aikatar haɗarin da ke tattare da kankare mai kauri marar zobban rodi. A watan Yuli na 2007 gwamnati ta fitar da jerin gadoji 135 da za a bincika da gaggawa, aka kuma taƙaita nauyin manyan motocin da za su hau su kafin a gama. Bayan binciken an rushe wasu, an ƙarfafa wasu, wasu kuma aka tabbatar da lafiyarsu.

Rahoton ƙarshe ya ƙunshi shawarwari 17. Daga cikinsu akwai sabunta ƙa'idojin gini domin a wajabta rodin tare yanka a kankare mai kauri, da zaɓen kamfanonin injiniyoyi da 'yan kwangila bisa ƙwarewa da tarihin aikinsu, da adana cikakken fayil na kowace gada tun daga zane har zuwa gyaran ƙarshe, da fayyace wanda ke da alhaki a kowane mataki. Kwamitin ya kuma nemi a riƙa kashe aƙalla dalar Kanada miliyan 500 a kowace shekara har tsawon shekara goma a kan gyaran gadoji.

A watan Oktoba na 2007 gwamnatin Charest ta sanar da shirin kashe dalar Kanada biliyan 30 cikin shekara biyar a kan gyaran kayayyakin more rayuwa, waɗanda suka haɗa da hanyoyi, gadoji, asibitoci da makarantu. Ma'aikatar Sufuri ta kuma karɓi kulawa da gadojin ƙananan hukumomin da jama'arsu ba su kai 100,000 ba, domin yawancinsu ba su da kuɗi ko injiniyoyin da za su kula da su.

Diyya

Tun 1978 Kebek ke bin tsarin inshorar mota na gwamnati wanda ke biyan duk wanda ya ji rauni a hatsarin mota ba tare da neman mai laifi ba, amma kuma yana hana shi kai ƙara kotu domin neman ƙarin diyya. An ɗauki rushewar gadar a matsayin hatsarin mota, saboda haka hukumar inshorar motoci ta lardin ce ta biya waɗanda suka ji rauni da iyalan mamatan bisa ma'aunin da doka ta tsara. Wannan ya jawo suka daga iyalai da wasu lauyoyi, waɗanda ke ganin cewa gini ne ya faɗo a kan mutane, ba karo aka yi ba, kuma dokar ta kare masu sakaci daga fuskantar shari'a.

Sauran gadojin kankare a yankin

Ba wannan ne karo na farko da gadar sama ta kashe mutum a Laval ba. A ranar 18 ga Yuni, 2000, wasu bim na gadar titin Souvenir, wadda ake cikin ginawa a kan babbar hanya mai lamba 15, sun faɗo a kan motoci, mutum ɗaya ya rasu. Bambancin shi ne waccan sabuwa ce ba a gama ba, ta De la Concorde kuwa tsohuwa ce da ke aiki.

A ranar 31 ga Yuli, 2011, wani ɓangaren rufin kankare ya faɗo a mashigar ramin babbar hanyar Ville-Marie da ke tsakiyar Montreal. Safiyar Lahadi ce, babu wanda ya ji rauni. Bincike ya danganta abin da aikin gyaran da ake yi, wanda ya rage kaurin bangon da ke riƙe da bim ɗin.

Mahaɗar hanyoyi ta Turcot, wadda aka buɗe a 1967, ta kai matsayin da ake ɗaure ragar ƙarfe a jikinta domin tare kankaren da ke ɓantarewa. An rushe ta aka gina sabuwa tsakanin 2015 da 2020, kuma an saukar da mafi yawan hanyoyinta ƙasa domin rage sassan da ke rataye a sama. Gadar Champlain kuwa, mallakar gwamnatin tarayya, wadda aka buɗe a 1962 a kan kogin Saint-Laurent, gishiri ya ci bim ɗinta na kankare har a ƙarshen 2013 aka ɗora mata wani ƙaton bim na ƙarfe domin ya tallafi wanda ya tsage. An rufe ta a 2019 bayan an buɗe gadar Samuel-De Champlain.

Batun kwangila

Yawan lalacewar hanyoyi da gadoji ya ƙarfafa tambayar da jama'ar Kebek ke yi a kan yadda ake ba da kwangilar gwamnati. A 2011 aka kafa wani kwamiti a ƙarƙashin mai shari'a France Charbonneau domin binciken cin hanci da haɗa baki a kwangilolin gine-gine. Ya miƙa rahotonsa a watan Nuwamba na 2015 da shawarwari 60, bayan shaidu sun bayyana yadda wasu kamfanoni ke raba kwangiloli a tsakaninsu suna ƙara farashi. Aikin wannan kwamiti ya shafi shekaru 15 da suka gabaci kafa shi ne, bai koma zamanin da aka gina gadar De la Concorde ba. Dalilan da Kwamitin Johnson ya kafa hujja da su na zane ne, da aiki, da kulawa.

Tasiri a fannin injiniyanci

Injiniyoyi a ƙasashe da dama suna kawo rushewar De la Concorde a matsayin misali idan ana maganar gadojin da tsakiyarsu ke zaune a kan irin wannan mazauni. Akwai su da yawa a Turai da Arewacin Amurka, mafi yawansu na shekarun 1960 da 1970. A ranar 28 ga Oktoba, 2016, wata gadar sama mai irin wannan mazauni ta rufta a Annone di Brianza da ke arewacin Italiya yayin da wata babbar mota mai nauyi ke hawa, mutum ɗaya ya rasu. A can ma an ba da rahoton faɗowar gutsuren kankare sa'o'i kafin rushewar.

Sababbin gadoji ba kasafai ake yi musu wannan tsari ba. Ana rage yawan mahaɗu, ana ajiye waɗanda suka zama dole a inda za a iya kai musu hannu, ana shimfiɗa abin hana ruwa a ƙarƙashin kwalta, ana kuma saka zobban rodi ko da kankaren yana da kauri. Ga tsofaffin gadoji kuwa, hukumomi da yawa sun daina dogara da duban ido kaɗai. Suna haɗawa da huda kankare a ɗebi samfuri, da na'urorin da ke nuna inda rodi yake a cikin gini, da sake lissafin nauyi bisa ƙa'idojin zamani.